Idan Na'urar Ɗumama Abinci Ta Ɗau Zafi Ta Tsaya

 

Duk wanda ya zauna a Azare ko Katagum ko Jama'are ya san yadda gari yake daga watan Maris zuwa Mayu. Zafin rana kan haura digiri 40, kicin mai rufin kwano kuwa ya fi haka nesa. A irin wannan lokaci ne aka fi jin uwargida tana ƙorafin cewa na'urar ɗumama abinci, wato maikirowef, tana cikin aiki sai ta ɗauke ɗif. Wata ta yi ta ƙara, wata ta rubuta wata lamba a fuskarta, wata kuma ta yi shiru kamar an ɗauke wuta alhali fankar ɗaki na juyawa.

Na'urar nan yanzu ta zama ruwan dare a garuruwanmu. Tana cikin kayan kicin ɗin amare, tana ɗakunan ma'aikatan asibiti masu aikin dare, tana gidajen malamai da ɗaliban Kwalejin Ilimi ta Aminu Saleh da na Jami'ar Kimiyyar Lafiya ta Tarayya da aka kafa a Azare a 2021. Don haka matsalarta ta shafi gidaje da yawa.

A mafi yawan lokuta, na'urar da ta tsaya saboda zafi lafiyarta ƙalau. Kanta ta kare, ta kuma kare gidan daga gobara. Haɗarin yana cikin abin da ake yi bayan ta tsaya: a matsa mata lamba ta ci gaba, ko a kwance ta a gida, ko a cinye abincin da bai gama ɗumi ba. A kan waɗannan za mu tattauna yau.

Daga ina zafin yake fitowa?

A cikin na'urar akwai wani ƙarfe da ake kira magnetiron. Shi ne yake juya wutar lantarki ta koma igiyoyin da ba a gani, waɗanda suke girgiza ruwan da ke cikin abinci har ya yi zafi. Wani injiniya ɗan Amurka mai suna Percy Spencer ne ya gano haka a 1945, yana aikin na'urar hangen jiragen sama a kamfanin Raytheon. Ta farko da aka sayar a 1947 ta kai tsayin mutum, nauyinta ya haura kilo 300, kuma da ruwa ake sanyaya ta. Kin ga ke nan matsalar zafi tare aka haife su da na'urar.

Dalili shi ne, ba duk wutar da ta sha ba ce take shiga abinci. Wadda aka rubuta mata wat 700 tana jan kusan wat 1,100 zuwa 1,200 daga bango. Abin da ya rage zafi yake zama a cikin jikinta. Na zamanin yanzu ƙaramar fanka ce a ciki take korar wannan zafi ta ƙananan hujojin da ke baya da gefe. Idan fankar ta gaza, ko hujojin suka toshe, ko iskar da take shaƙa ita ma mai zafi ce, sai magnetiron ya ɗau zafi fiye da ƙima.

Saboda haka ne aka sa masa mai gadi, wani ɗan maɓalli mai jin zafi wanda yake yanke wuta da zarar zafin ya wuce iyaka. Iri biyu ne. Akwai wanda yake komawa daidai da kansa idan ya huce, akwai kuma wanda yake ƙonewa sau ɗaya kamar fis, sai an canza shi. Na'urori masu allon lamba sukan nuna alamar gargaɗi, amma kowane kamfani da nasa lambobin, don haka takardar da ta zo a cikin kwali ce za ta faɗa miki ma'anar taki. Masu maɓallin murɗawa kuwa ba sa rubuta komai, tsayawa kawai suke yi.

Abin da za ki yi nan take

Da farko ki saurara, ki kuma shinshina. Idan fanka na ci gaba da juyawa bayan an gama ɗumi, kuma babu hayaƙi babu ƙauri, ki ƙyale ta ta gama. Wasu haka aka ƙera su, sanyaya kansu suke yi.

Idan kuwa ta ɗauke gaba ɗaya, ki kashe soket, ki zare fulogi, ki fitar da abincin, ki bar ƙofar a buɗe. Ki ba ta aƙalla minti 30, a irin zafin bazara ma awa guda ba ta yi yawa ba. Kada a riƙa kunnawa ana kashewa don a ga ko ta dawo. Kada a watsa mata ruwa ko a lulluɓa mata jiƙaƙƙen tsumma, domin ruwa da lantarki ba sa ga maciji.

Kafin ta huce, sai ki bi waɗannan ɗaya bayan ɗaya.

Na ɗaya, mazauninta. A gidaje da yawa an cusa ta cikin kabad, bayanta manne da bango, an yafa mata ƙyallen ado saboda ƙura, an ɗora kuloli da faranti a kai. Duk wannan shaƙe ta yake yi. Ki bar mata aƙalla faɗin tafin hannu a baya da gefe, sama kuma fiye da haka, sannan ki duba abin da takardarta ta ce. A cire ƙyallen duk lokacin da za a kunna. A nisanta ta da murhun gas, da bayan firij, da tagar da rana take bugowa.

Na biyu, hujojin iska. Ƙurar hunturu da ta taru tun Disamba, idan ta haɗu da tiririn mai na suya, sai ta daskare ta rufe hujojin. Kyankyasai ma suna son ɗumin wurin, su shiga su yi gida. Ki goge da busasshen buroshi ko tsumma daga waje, fulogi a zare. Kada ki zura tsinke ko waya ciki.

Na uku, abin da aka sa mata. Na'urar tana bukatar abu mai ruwa da zai shanye igiyoyinta. Idan aka kunna ta babu komai, ko aka sa ɗan abu busasshe kamar yankan burodi ɗaya ko ɗan kilishi aka ba shi minti biyar, igiyoyin komawa suke yi kan magnetiron su ƙara masa zafi. Yara kan yi wasa da maɓallin su kunna ta wayam, a kula. Haka nan ƙarfe: kwanon silba, kwanon samira, langa, cokali, takardar ƙyalli da ake naɗe nama, da farantin amare mai zanen ruwan gwal a baki. Kwanon sha mai fenti ma ƙarfe ne a ƙarƙashin fentin. Waɗannan su ne suke kawo tartsatsi. Tangaran da gilashi mai jure zafi su suka dace, sai roba wadda aka rubuta a jikinta cewa an yi ta don haka. Alala ko tuwon da ke ƙulle a leda, a kwance shi a juye a tangaran tukuna.

Na huɗu, cikinta. A bangon ciki, galibi ta dama, akwai wani ɗan allo mai kama da kwali mai ruwan toka. Ta nan igiyoyin suke fitowa. Idan miya ta fallatsa a kai ta bushe, sai ta riƙa ƙonewa tana baƙi tana tartsatsi. Ki goge shi a hankali da tsumma mai ɗan danshi, kada ki ɓamɓare shi don kin ɗauka ragowar kwali ne. Idan ya riga ya ƙone ko ya huje, a daina amfani da na'urar sai an canza shi. Ba shi da tsada.

Na biyar, yawan aiki. Ta gida an yi ta ne don ɗumi na 'yan mintoci. Ranar suna ko walima, idan aka jera mata kwano goma ba hutu, dole ta gaji. A ba ta 'yan mintoci tsakanin kwano da kwano, abinci mai yawa kuma a mayar da shi tukunya.

Na shida, wutar da take sha. Ki leƙa bayanta, akwai takarda manne da ke nuna ƙarfin wutar da take so. Tamu ta Nijeriya bolt 230 ce, don haka ya kamata ki ga 220 zuwa 240. Wasu na hannu da ake shigo da su daga Amurka na bolt 120 ne, na Japan kuma 100, idan aka jona su kai tsaye ƙonewa za su yi. Maigida ya duba wannan tun a shago kafin ya biya kuɗi. Sannan idan wuta ta zo ba ƙarfi, ƙwan ɗaki ya yi ja, na'urar ba ta ɗumi sosai, sai a yi ta ƙara mata lokaci tana wahala a banza. Gara a jira wutar ta cika. Ƙaramin janareton da ƙarfinsa bai kai wat 1,000 ba ba zai ɗauke ta ba. Mai sola ma ya tambayi wanda ya haɗa masa ko inbatarsa za ta iya. A ba ta soket nata ita kaɗai a bango. Jona ta a kan doguwar waya tare da firij da dutsen guga da hita yana sa wayar ta yi zafi ta narke. Idan kin taɓa fulogi kin ji shi rau, ko kin ga baƙi a bakin soket, a kira mai gyaran wuta kafin a sake kunnawa.

Gwajin kofin ruwa

Bayan ta huce kin kuma gyara abin da kika gani, sai ki gwada ta da ruwa. Ki cika kofin tangaran da ruwa, ki tsoma ɗan cokalin katako a ciki don kada ruwan ya yi tsalle idan kin taɓa shi, ki kunna minti ɗaya a kan cikakken ƙarfi. Ki kai hannu kusa da hujojin iska.

Idan kin ji iska na fitowa kuma ruwan ya yi zafi, to an dace, matsalar ta mazauni ce ko ta yawan aiki. Idan ba ki ji iska ba, ki kashe nan take, fanka ta mutu, kuma duk minti ɗaya da za ta ƙara yi magnetiron ne yake gasuwa. Idan fitila ta kama, faranti yana juyawa, amma ruwan yana nan da sanyinsa alhali wuta da ƙarfinta, matsalar daga ciki take. Idan kuma ba ta motsa ba sam, wataƙila mai gadin nan ne ya ƙone. Waɗannan ukun duka aikin mai gyara ne.

Inda aikin 'yan gida ya tsaya

Ina roƙon iyaye maza da samarin gida masu son gwada hannu: kada ku kwance murfin maikirowef. Ba kamar rediyo ko fanka take ba. A ciki akwai kafasita mai tara wutar da ta kai kimanin bolt 2,000, wato kusan ninki tara na wutar bango, kuma tana iya riƙe ta ko bayan an zare fulogi. Irin wannan wuta tana tsayar da zuciya, ta kuma kashe mutane har da masu gyara.

Idan an kai wa mai gyara, ga tambayar da za a yi masa: me ya sa ta ɗau zafi? Domin akwai gyaran araha da ake yi, a cire mai gadin a haɗe wayoyin biyu kai tsaye. Na'urar za ta tashi, ba za ta sake tsayawa ba, kowa ya yi murna. Amma ranar da fanka ta sake gazawa babu abin da zai yanke wuta, sai dai a ga hayaƙi. Garin neman gira ke nan a rasa ido. A dage a sa sabo irin na asali, a kuma nemi a ga tsohon da aka cire.

A daina amfani da ita gaba ɗaya idan ƙofa ta lanƙwashe, ko ba ta rufuwa sosai, ko ragar gilashin ta yage, ko tana aiki ƙofa a buɗe, ko tsatsa ta huda cikinta, ko jikinta yana jan mutum idan ya taɓa. Ragar nan da ƙofar su ne suke tsare igiyoyin a ciki. Muddin suna lafiya, babu abin tsoro, kuma igiyoyin ba sa zama a cikin abinci. Da an kashe sun ƙare, kamar hasken ƙwai.

Abincin da ya tsaya a rabin hanya

Nan ne abin ya fi shafar lafiyar yara. Na'ura ta tsaya, yara na jiran tafiya makaranta, an taɓa shinkafar jiya an ji sama da ɗumi, sai a ce su ci haka nan. Maikirowef dama ba ta ɗumi bai ɗaya, gefe ya yi zafi tsakiya na da sanyi, balle an katse ta.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi bayanin cewa ƙwayoyin cuta sun fi hayayyafa a cikin abinci tsakanin digiri 5 zuwa 60, kuma kada a bar dafaffen abinci a waje fiye da awa 2. Hukumomin abinci na Amurka sun rage shi zuwa awa 1 idan zafin gari ya haura digiri 32, wanda a Azare a bazara kusan kullum ne. A haɗa da firij ɗin da ya kwana babu wuta, sai a ga abincin ya riga ya daɗe a cikin wannan tsakanin kafin ma a zo ɗumi.

Shinkafa tana da nata haɗarin. Akwai ƙwayar cuta mai suna Bacillus cereus wadda 'ya'yanta ba sa mutuwa a dahuwa. Idan shinkafa ta kwana a waje sai su farka su zuba guba, gubar kuma ɗumi ba ya kashe ta. Amai kan fara tsakanin rabin awa zuwa awa 6 bayan ci. Don haka shinkafar da ta kwana a kula cikin wannan zafi, ko na'ura lafiyarta ƙalau, ba ta yara ba ce.

Idan na'urar ta tsaya, ki juye abincin a tukunya nan take ki ɗora a gas ko gawayi, ki riƙa juyawa har ya yi tururi ciki da waje, miya kuma ta tafasa. Kada ki bar shi a ciki yana jiran ta huce. Ranar da take aiki kuma, ki yanka tuwo ƙanana, ki yayyafa ruwa, ki rufe sama-sama, ki tsaya a tsakiya ki juya, sannan ki bar shi minti ɗaya ko biyu kafin a ci. A ɗebi iya wanda za a cinye, ɗumi sau ɗaya ya isa.

Idan yaro ya kamu da amai da gudawa, abin farko shi ne ruwan gishiri da sukari na fakiti, a jiƙa yadda aka rubuta a jiki, a riƙa ba shi kaɗan-kaɗan. A haɗa da ƙwayar zinc, miligiram 20 kullum har kwana 10 zuwa 14, jaririn da bai kai wata 6 ba kuma miligiram 10. A ci gaba da ba da nono. Kada a ruga kemis a sayo maganin kashe ƙwayoyin cuta ba tare da an duba yaron ba. Idan akwai jini a bayan gida, ko idanu sun faɗa, ko ya kasa shan komai, ko jikinsa ya saki, a tafi asibiti ba jira.

Madarar jariri da magunguna

Kada a ɗumama madarar jariri ko nonon da uwa ta tatse a maikirowef. Kwalbar za ta yi ɗumi a hannu alhali wani sashe na madarar ya isa ya ƙona bakin jariri. A tsoma kwalbar cikin ruwan ɗumi, a girgiza, a ɗiga a bayan hannu a ji. Ƙwai da ɓawonsa ma kada a sa, fashewa yake yi.

Sai maganar da ta shafi aikina. Kan maikirowef wuri ne mai faɗi kusa da hannu, shi ya sa a gidaje da yawa nan ake jere magungunan yara da na hawan jini. Ki duba kwalin maganin, yawanci za ki ga an ce a ajiye ƙasa da digiri 30. Garinmu kansa ya wuce haka, balle kan na'urar da take fitar da zafi. Zafi yana rage ƙarfin magani ba tare da ya canza kama ba. Abin shaƙa na masu asma gwangwani ne mai iska a matse, zafi haɗari ne gare shi. Allurar insulin da ba a buɗe ba mazauninta firij ne, tsakanin digiri 2 zuwa 8, kuma ba a ɗumama ta a na'ura ko a ruwan zafi. A kwashe magunguna daga kicin gaba ɗaya, a kai su ɗaki mafi sanyi, inda hannun yara ba ya kaiwa.

Idan wuta ta kama ko an ƙone

Idan kin ga wuta a ciki, kada ki buɗe ƙofar, iska ce take ciyar da ita. Ki kashe, ki zare fulogi in zai yiwu ko ki kashe babban maɓallin wutar gidan, ki bar ƙofar a rufe har ta mutu. Idan ta fito waje, a fitar da yara a nemi taimako, kada a watsa ruwa matuƙar wuta na jone.

Wanda tiriri ko miya ta ƙona, a zuba wa wurin ruwa mai sanyi na famfo ko na randa har minti 20, ban da ƙanƙara. A cire zobe da awarwaro kafin kumburi. Kada a shafa man goge baki, ko ƙwai, ko manja, ko gishiri, kada kuma a fasa bororon. A rufe da tsumma mai tsabta. Idan ƙunar a fuska take, ko hannu, ko al'aura, ko ta fi faɗin tafin hannun mai ita, ko ƙaramin yaro ne, a garzaya asibitin tarayya da ke Azare ko asibiti mafi kusa.

A wannan makon, uwargida ki ɗauki minti goma ki janye na'urarki daga bango, ki sauke abin da ke kanta, ki goge hujojinta, ki duba fulogi da soket. Maigida kuma, idan ta taɓa zuwa wurin gyara ta dawo ba ta ƙara tsayawa ba ko da an wuni ana aiki da ita, ka koma ka tambaya ko mai gadinta yana nan.